Me Ya Sa Wanda Ya Zo Na Ɗaya Ya Karɓi Azurfa? Amsa Kan Kyaututtukan Wasannin Kwalejojin Da

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina karatu a Ingila. Ranar Lahadi na shiga kasuwar kayan da, na sayi wata 'yar lambar yabo mai ƙawanya a sama, faɗinta kamar na tsohon kwabo. A fuskarta an sassaƙa tseren yadi 100, na ɗaya, da sunan mutum da na kwalejinsa. Shekarar ta fara da 189, lambar ƙarshe ta goge. A bayanta akwai ƙananan tambura: anga, zaki, wani harafi shi kaɗai, sai wasu haruffa biyu a haɗe. Azurfa ce ta gaske? In haka ne, me ya sa na ɗaya zai karɓi azurfa, alhali mun san zinare ake ba shi? Kuma me ya hana a ba su kuɗi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na ji daɗin tambayar nan, don na daɗe ina bin irin waɗannan ƙananan kaya da tarihin da ke bayansu, kuma ba kasafai nake samun ɗan gida da ya tsaya ya juya lamba ya duba bayanta ba.

Bari in fara kwantar maka da hankali. In tamburan suna nan kamar yadda ka faɗa, azurfa ce ta gaske. Zakin nan mai tafiya da ƙafa ɗaya a ɗage shi ne shaidar hukuma a Ingila cewa a cikin kashi 1000 na ƙarfen, kashi 925 azurfa ce zalla, ragowar yawanci jan ƙarfe ne da ake ƙarawa don ta yi ƙwari. Anga kuwa alamar ofishin gwajin azurfa na Birmingham ce, wanda aka buɗe a 1773, shekara ɗaya da na Sheffield. Da a Landan aka gwada ta, kan damisa za ka gani. Na Sheffield a wancan zamani kambi ne, na Chester kuma dami uku na alkama da takobi. Haruffa biyun da ke haɗe na maƙerin ne ko kamfanin da ya kai ta gwaji. Harafin da ke zaune shi kaɗai shi ne zai biya maka buƙata, domin shi ne na shekara. Kowace shekara da harafinta, kuma in an zagayo ana sauya salon rubutun da siffar 'yar garkuwar da harafin ke ciki. Ka sami gilashin ƙara girma, ka nemi jadawalin haruffan Birmingham, ka gwada salo da salo. Sai dai ka sani harafin yana nuna shekarar da aka gwada ƙarfen ne. Shagon zai iya ajiye lambar shekara ɗaya ko biyu kafin kwaleji ta saya a sassaƙa mata suna. Wani abin kuma da ya ƙara mini yarda da taka: ba ka ambaci kan sarauniya ba. Daga 1784 zuwa 1890 ana buga kan mai sarauta a matsayin shaidar an biya harajin azurfa. A 1890 aka soke harajin, tambarin ya tafi da shi. Rashinsa ya yi daidai da 189 ɗin da ka karanta.

Ƙawanyar da ke sama ba ta rataye a wuya ba ce. Ta sarƙar agogon aljihu ce. Saurayi zai sa falmaran, agogo a aljihu, sarƙa ta ratso ciki, 'yar lambar tana lilo a jikinta. Duk wanda ya zauna da shi a jirgin ƙasa ko a ofis zai gani, in ya so ya tambaya. Shi ya sa lambar ƙarshe ta shekarar ta goge: shekaru ta yi tana gugar tufa da maɓalli, ko babban yatsan mai ita yana murza ta. Na riƙe irinsu da yawa, wasu da 'yar garkuwa ta jan zinare siririya manne a tsakiya, kuma kusan kullum gefe ɗaya ya fi ɗaya lashewa.

Batun zinare kuma, tsarin nan na zinare, azurfa, tagulla da muka taso muka tarar bai tsufa kamar yadda ake zato ba. A gasar Olamfik ta farko ta wannan zamani, wadda aka yi a Athens ta ƙasar Girka a 1896, wanda ya zo na ɗaya lambar azurfa aka ba shi da reshen zaitun da takardar shaida. Na biyu ya karɓi ta tagulla, na uku bai sami komai ba. James Connolly, wanda ya bar karatunsa a Harvard don ya je, shi ne ya fara cin gasa a wurin, a tsalle mai hawa uku, kuma azurfa ya kawo gida. Haka Robert Garrett na Princeton da ya ci jifan faifai da jifan dalma. Sai a gasar St. Louis ta 1904 aka jera ƙarafan uku yadda muka sani. Ko yau ma lambar zinaren Olamfik azurfa ce aka yi wa ruwan zinare da bai gaza giram 6 ba. Rabon da a ba da ta zinare zalla tun gasar Stockholm ta 1912. Saboda haka a zamanin mutumin naka azurfa ita ce ƙarfen nasara. Akwai manyan gasanni da suke ba da zinare, amma kwaleji ba ta jin ta rage wa gwarzonta komai in ta miƙa masa azurfa.

Yanzu ga tambayarka ta uku, wadda a ganina ita ce uwar sauran.

A farkon ƙarni na 19 manyan mutane a Ingila ba sa jin kunyar yin wasa don kuɗi. A 1809 wani attajiri ɗan Scotland, Kyaftin Barclay, ya yi tafiyar mil 1000 cikin awa 1000, mil ɗaya a kowace awa, a Newmarket, a kan cacar gini 1000 (gini tsohon kuɗin zinare ne na Ingila), jama'a suka yi dafifi suna kallo. Amma tsere na kuɗi ya zo da abin da kuɗi ke zuwa da shi: caca, sayar da wasa, mutum ya ɓoye gudunsa yau don a raina shi gobe ya kwashe. Zuwa tsakiyar ƙarnin, 'ya'yan masu hali da suka fito daga makarantun kwana irin su Eton da Harrow suka shiga Oxford da Cambridge sun so su yi tsere da tuƙin kwale-kwale ba tare da sun gauraya da wannan duniyar ba. Suka ɗaukaka kalmar amateur, wato mai yin wasa don sha'awa, wanda ba da shi yake cin abinci ba. Mu a Hausa wani lokaci ana fassara ta da ɗan koyo, kuma wannan kuskure ne, don wasunsu su ne gwanayen zamaninsu.

To ga matsalar da ta taso musu. An ce kada a karɓi kuɗi, amma wanda ya yi nasara yana son abin nunawa, mai shirya gasa kuma yana son abin da zai jawo gwanaye. Azurfar da aka sassaƙa wa suna ita ta warware musu. Tana da daraja, kowa ya san da tsada aka saye ta, amma da zarar maƙeri ya sa alƙalaminsa na ƙarfe ya rubuta sunanka da ranar da nisan tseren, ta tashi daga abin kashewa ta koma abin ajiyewa. Ba za ka kai ta kanti a auna maka gari ba. In ka kai ta jingina, sunanka ne zai zauna a tagar shagon kowa yana karantawa. Kuma dokokin ƙungiyoyin wasannin sha'awa sun ɗauki sayar da kyauta daidai da karɓar kuɗi: in aka kama ka, ka fita daga sahu. Suka kuma ƙayyade iyakar darajar abin da za a iya bayarwa.

A nan ne nake so ka lura da abin da ya fi damuna a tarihin nan. Kyautar da ba a kashewa tana yi wa wanda ba ya buƙatar kuɗi daɗi ne. Ɗalibin da mahaifinsa ke biya masa komai zai iya yin wata uku yana atisaye don kofi. Birkila ko maƙeri in ya bar aiki ya tafi gasa, ranar ta faɗi a kansa da iyalinsa, kofi kuma ba ya shiga tukunya. Ba su ma bar abin a haka ba, sai da suka rubuta shi ƙuru-ƙuru. Ƙungiyar Amateur Athletic Club da aka kafa a Landan a 1866 ta sa sharaɗin da ya hana makaniki da mai sana'ar hannu da lebura shiga gasarta. A 1879 masu kula da gasar tuƙin kwale-kwale ta Henley, wani gari a bakin kogin Thames, suka sa irin wannan a dokarsu. Hujjarsu wai mai aikin ƙarfi ya riga ya sami ƙwanji daga sana'arsa, don haka ba adalci a haɗa shi da ɗalibi. Akwai kuma matuƙan kwale-kwalen haya na kogin Thames, waɗanda tun 1715 suke da tserensu na shekara-shekara mai kyautar jar riga da babbar lambar azurfa ta damtse, kuma kowa ya san in aka saki ɗalibai da su a ruwa ɗaya ba za a ji da daɗi ba. Ni dai ban taɓa karɓar wannan hujja ba. Katanga ce aka gina don kada talaka ya kayar da ɗan gata a gaban jama'a.

A fagen guje-guje katangar ba ta daɗe ba. Da wasu mutum uku 'yan Oxford suka kira taro a otal ɗin Randolph a 1880 aka kafa Amateur Athletic Association, an cire wannan sharaɗi, aka bar dokar kuɗi kawai. A ruwa kuwa ta yi tsawon rai. A 1920 Ba'amurke John B. Kelly na Philadelphia, wanda ya koyi aikin birkila, ya nemi shiga tseren mutum ɗaya na Henley aka ƙi shi, saboda sana'ar hannu da kuma wata tsohuwar rigima da kulob ɗinsa. Bayan 'yan makonni ya je Olamfik a Antwerp ya doke Jack Beresford, wanda shi ne ya ci tseren Henley ɗin a shekarar. Sai a 1937 aka soke sharaɗin, kuma a 1947 ɗan Kelly ya je ya ci wannan tsere da aka hana mahaifinsa.

Kofunan kansu iri biyu ne, kuma mutane suna yawan rikita su. Akwai kofin ƙalubale, babba, wanda ba na kowa ba ne. Wanda ya ci zai riƙe shi shekara guda, a ƙara sunansa a jiki ko a gindin katakon, ya mayar. Babban kofin Henley da aka fara tsere a kansa a 1839 irin wannan ne, kuma 'yan kwalejin Trinity ta Cambridge ne suka fara ɗaukarsa. Haka kofin ƙwallon ƙafa na Ingila na asali, wanda aka saya fam 20, wanda Jami'ar Oxford ta ci a 1874, aka kuma sace shi daga tagar wani shago a Birmingham a 1895 ba a sake ganinsa ba. A gasanni da yawa akwai sharaɗin cewa wanda ya ci sau uku a jere ya mallake shi. Sannan akwai abin da mutum ke tafiya da shi gida ya zama nasa har abada: ƙaramin kofi, ko lamba irin taka.

Kada kuma ka ɗauka duk abin da ya yi fari azurfa ne. A ƙananan tseren cikin kwaleji, irin wanda ake haɗa matuƙa huɗu ta hanyar ƙuri'a, abin da aka fi bayarwa babban moɗa ne mai hannu, na ƙarfen da yawancinsa kuza ce, sau da yawa gindinsa na gilashi. Na taɓa samun ɗaya a hannuna. Launinsa toka-toka, ya lotsa a gefen hannu, a gaba tambarin kwaleji, a ƙasa sunaye biyar: matuƙa huɗu da mai riƙe akala. In ka ɗaga shi sama kana hango haske ta gindin. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, amma sunayen sun fito raɗau kamar jiya aka yanka su. Yawan irin waɗannan ne ya sa ɗalibai suke kiran kofuna tukwane, wanda kuma yake yawo gari-gari yana zaɓen gasar da babu gwanaye don ya tara su, suna ce masa mafaraucin tukwane, kuma zagi ne mai zafi a wurinsu. Abin da ma ya fi daraja a Oxford da Cambridge ba ƙarfe ba ne. Wanda ya wakilci jami'a a karawar da ake yi tsakaninsu, wadda a tuƙi ta faro a 1829, a guje-guje kuma a 1864, yana samun izinin sa shuɗi, mai duhu na Oxford, mai haske na Cambridge. A tseren kwale-kwale na kwana huɗu kuma, inda kowane jirgi ke ƙoƙarin taɓo na gabansa, waɗanda suka taɓo kullum har kwana huɗun ana rubuta sunayensu da nauyin kowannensu a kan filafili, mutum ya kafa a bangon ɗakinsa.

Dalilin da ya sa 'yan lambobi irin taka suka yi yawa daga wajen 1880 zuwa gaba kuwa na kasuwa ne. An gano azurfa mai ɗimbin yawa a Nevada ta Amurka a 1859, sannan Jamus da Amurka suka karkata ga zinare a matsayin ma'aunin kuɗinsu a farkon shekarun 1870. Farashin azurfa ya yi ta sauka, har zuwa tsakiyar shekarun 1890 ya koma kusan rabin yadda yake a 1870. Ga maƙeran fari na Birmingham suna buga lambobi da inji, ɗaruruwa a zubi ɗaya, su bar tsakiya fili don a sassaƙa abin da mai saye yake so. Tun 1840 kuma kamfanin Elkington na garin ya yi rajistar dabarar yi wa ƙarfe ruwan azurfa da lantarki, sai ya zama ko ƙaramar makaranta tana iya sayen kofi mai ƙyalli. In ka ga haruffan EPNS a gindin kofi, ruwan azurfa ne kawai a kan farin ƙarfe, kuma ba za ka ga zaki ba.

Amurka ta ɗauki al'adar amma da nata hali. Karawar farko tsakanin kwalejoji biyu a can ita ce tseren kwale-kwale na Harvard da Yale a tafkin Winnipesaukee, ranar 3 ga Agusta 1852. Kamfanin jirgin ƙasa ne ya ɗauki nauyin ɗaliban don ya tallata hanyarsa da wurin shaƙatawar. Harvard ta ci, aka ba ta filafili biyu na baƙin katako masu adon azurfa, kuma Franklin Pierce, wanda aka zaɓa shugaban ƙasa a ƙarshen shekarar, shi ya miƙa. A shekarun da suka biyo baya ɗaliban Amurka sun sha yin tsere a kan tsabar kuɗi ba wanda ya ce uffan. A 1873 mai jaridar New York Herald, James Gordon Bennett, ya sa kofin da aka yi wa ƙimar dala 500 a kan gudun mil biyu, Duncan Bowie na jami'ar McGill ta Kanada ya ɗauka. Dala 500 a lokacin ta kai abin da ma'aikata da yawa suke samu a shekara. Ka ga ke nan sunan sha'awa ake kira, amma abin da ke kan tebur dukiya ce. Daga baya ne dokar ta tsananta, kuma kamar kullum a kan marar gata ta fi faɗawa. Jim Thorpe, ɗan asalin Indiyawan Amurka daga makarantar Carlisle, ya ci zinare biyu a Stockholm a 1912. A 1913 aka ƙwace su don an gano ya taɓa karɓar 'yan daloli yana buga ƙwallon baseball lokacin hutu, abin da ɗalibai da yawa suke yi da sunan ƙarya, shi kuwa da sunansa na gaskiya ya yi. Ya rasu a 1953, sai a 1982 aka amince a mayar masa da matsayinsa, aka miƙa wa 'ya'yansa kwafin lambobin a farkon 1983. Duk lokacin da na tuna wannan raina yana ɓaci. In ka ci karo da kayan Amurka, ba su da tsarin zaki da anga, kalmar STERLING kawai za ka nema da sunan kamfani.

Mu ma abin ya iso mu ta hannun malaman da suka fito daga waɗannan makarantu. Kwalejin Katsina ta shekarun 1920 ta taso da kurket da wasan fives na buga ƙwallo da hannu a jikin bango, wanda Sardauna Ahmadu Bello ya riƙe har girmansa, kuma gasar gida-gida da garkuwa da kofin da ake ajiyewa a ofishin shugaban makaranta duk daga wannan tushe suke.

Game da kuɗinta, kada ka sa rai da yawa. Irin wannan lamba nauyinta yakan tsaya wajen giram goma, azurfar da ke ciki ba ta da yawa. Abin da ke ɗaga farashi shi ne wanda ya ci da kuma gasar. Ƙaramin kofin azurfar da aka ba Spyridon Louis, wanda ya ci gudun fanfalaki a 1896, an yi gwanjonsa a Landan a 2012 a kan sama da fam dubu ɗari biyar, alhali tsawonsa bai wuce taƙi ba. Waɗanda ba a san masu su ba kuwa da yawa wuta ta cinye, musamman a farkon 1980 da farashin azurfa ya yi tashin gwauron zabo ya kusa dala 50 kowane oza, mutane suka riƙa layi da kayan kakanninsu ana aunawa ana narkewa, kamar yadda maƙeran farinmu suka narke tsofaffin dalolin Mariya Tereza suka yi mundaye. Taka ta tsira, don haka ina roƙonka ka riƙe ta da kyau.

Kada ka goge ta da toka ko yashi ko soson ƙarfe, kada kuma ka tsoma ta a ruwan magani mai ƙarfi. Baƙin da ya kwanta a cikin ramin haruffa shi ke sa rubutun ya fito, in ka cire shi ka rage mata kyau, guga kuma tana cin tamburan. Ruwan ɗumi da sabulu mai laushi da tsumma mai taushi sun isa, ka busar da ita sosai, ka ajiye nesa da robar ɗaure kuɗi, don roba tana sa azurfa baƙi. Tunda kana da suna da kwaleji, kuma harafin zai ba ka shekara, ka rubuta wa ma'ajiyar tarihin kwalejin. Galibinsu suna da rajistar ɗalibai da mujallun da suke buga sakamakon wasannin shekara, wani lokaci har da daƙiƙun da aka yi tseren a ciki da sunan wanda ya zo na biyu. In ka same shi, don Allah ka aiko mini da hoton shafin tare da na bayan lambar, ina so in ga haruffan maƙerin.